Rigar Alhaji Bukar

"Lafiya lau, amarya. Ya ƙafa?"

"Ƙafata ta fi taka, Honorabul, tunda ita ta san hanyar unguwarmu Maamobi."

Abdul-Wahab ke nan, mataimakin minista, da kakarsa Awabu. Wata biyar da binne mijinta Alhaji Bukar, sai yau jikan ya leƙo, shi ma don zaɓe ya matso. Ya dire buhun shinkafa mai hotonsa a jiki, yana so ta zauna kusa da shi a taron jam'iyya ranar Asabar, jama'a su ga tsohuwa ta sa albarka. Ni da nake maƙwabciyarta, haushi ya hana ni gaishe shi.

"Ga sadakinki na kawo," ya ce. "Abokin takarata ya janye, yanzu ke tawa ce."

"Ni? In auri mutumin da hotonsa ya fi shi zumunci? Wannan na jikin buhu sau uku yana zuwa gidan nan."

"Kaka, ni fa na kawo wa unguwar nan fitilun titi."

"Mun gode. Yanzu in kwata ta cika ta shigo ɗaki, muna ganinta sarai."

"Tsohuwa ba haƙori, sai baki! Zo ranar Asabar in sa miki na zinariya."

"Sa wa direbanka. Shi ya yi wa Alhaji salla, shi ya kafa rumfa, shi ya zauna zaman makoki. Har na ce ko shi ne jikan, aka yi mana musanya a asibiti."

"Majalisa na zama ranar, wallahi."

"Ranar uku fa? Ranar bakwai? Arba'in? Kai, majalisar nan ba ta tashi ko fitsari?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Tsohuwa ta shiga ɗaki ta fito da babbar rigar Alhaji shuɗiya, duk ta koɗe a kafaɗa. Ranar sadakar arba'in jikoki sun yi ta sa rigar nan bi da bi, suna kwaikwayon tafiyar Alhaji da tarinsa, har masu kuka suka koma dariya.

"Jikoki goma sha tara, kowa ya sa ya tsokane shi," ta ce. "Saura wanda ya fi so. Har ya cika yana cewa motarka ce ba ta iya shiga lungu."

Honorabul ya karɓa. Ya shafa kafaɗar da ta koɗe. Can ya ce, "Kin ci zaɓe, amarya. Na faɗi."

"Ka faɗi tun tuni. Asabar zan zo, kada a ce Awabu ta kunyata jininta. Rigar kuma na ba ka."

"Na gode, Kaka."

"Kada ka gode. Zanena ma na ware maka a akwati. In ranata ta zo, ka gaya wa direban ya ɗaura shi da kyau."