Asuwakin Mista Alun

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Alhamis ba, kuma ko na so mantawa mutanen unguwarmu Bani Malik ba za su bar ni ba. Shekarata hamsin da biyu. A Jidda aka haife ni, a Jidda aka haifi ubana, amma har yau takarda ce ke riƙe da ni a garin nan, takardar kuma wani ne ke sa mata hannu. Na faɗi wannan tun farko don ka gane dalilin da ya sa dattijo kamata ya shirga ƙarya biyu a cikin minti biyar.

Direba ne ni. A aji huɗu na bar makaranta, saboda haka kada ka tsammaci wani dogon ilimi a bakina. A lokacin ina tuƙa wani Bature mai suna Mista Alun, injiniya a wajen da ake tace ruwan teku. Kamfani ne kafilina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, amma ƙa'idarsu duk shekara wanda kake tuƙawa shi ke rubuta ko yana son ka ci gaba. In ya ce khalas, wato an gama, to an gama, ba za a sabunta maka iƙama ba, takardar zaman ke nan. Tawa kuwa saura mako uku ta mutu, kuma ba wanda ke rububin ɗaukar direba mai furfura da ciwon baya.

Mista Alun mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Abu ɗaya ne da shi: ya ce shi duruwid ne. Iyakar abin da na fahimta, wasu mutane ne a ƙasarsu da suka farfaɗo da al'adar kakanninsu ta girmama itatuwa da rana da juyawar shekara. Biki takwas yake yi a shekara. Akwai na shigowar sanyi, akwai na tohon ganye, akwai na girbi (a Jidda fa, inda yanayi biyu ne kawai, zafi da yayan zafi). A bayan gidansa cikin unguwar Turawa akwai wata darbejiya, kullum da safe sai ya dafa ta ya yi shiru kamar mai gaida mara lafiya. Ban taɓa tanka masa ba. Shi da abinsa, ni da sallata. Shi ma in lokacin salla ya yi da kansa yake cewa in tsaya a masallaci, ya jira ni a mota.

To, ranar Lahadi na shiga ɗauko jakar aikinsa, sai na ga ya shimfiɗa wani koren ƙyalle a teburin baranda, ya jera 'yan itatuwa guda ashirin suna shan iska. Kowanne kaurin yatsa, tsawon taƙi ɗaya. Don Allah ka faɗa mini, mutumin da ya tashi yana ganin masu sayar da asuwaki a ƙofar masallacin Sharafiyya sun jera hajarsu a kan ƙyalle, me zai ce ya gani? Na ce a raina, Bature ya je tsohuwar kasuwa an yi masa wayo, ya sayo asuwaki dami guda don tsaraba, kuma ba zai taɓa sa ko ɗaya a baki ba. Na ga an yi wa kowanne 'yan tsage-tsage da wuƙa a gefe, na ce ado ne, Turawa ko cokali sai sun yi masa zane. Na ce kuma barin sunna ta bushe a rana asara ce (ka ji yadda ɓarawo ke zama malami in ya ga abin da yake so). Na zari biyu. Ashe shi ma da yamma tattara ƙyallen ya yi gaba ɗaya ya zuba a jaka, bai ƙirga ba.

Ɗaya fari ne mara nauyi, na riƙe wa kaina. Ɗayan ja ne, mai nauyi, mai sheƙi, shi na kai wa surukina. Baba ya haura tamanin, kuma shekara ashirin da shida ke nan da na auri 'yarsa bai taɓa kallona ya ga abin kirki ba. Tela mai shago ya so ta aura. Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu na ce, “Baba, asuwakin Landan ne, maigidana ya ba ni.” Ya jujjuya shi ya ce, “Ma sha Allah.” Daga ranar duk yamma in na leƙa gaishe shi sai ya ce, “Ya waladi, abin nan naka ya fi na kowa.” Ni kuma sai in fito ina jin kaina a sama.

Nawa kuwa, wallahi kamar kana tauna ƙafar kujera. Ba yaji, ba ƙamshi, sai da na jiƙa shi a kofi kwana guda kafin bakinsa ya yarda ya buɗe. Amma na dage. Kwana huɗu ina fito da shi a sahun farko ina gogawa a hankali don a tambaye ni, in an tambaya in ce, “Ba irin naku ba ne wannan.”

Alhamis ita ce rana mafi tsawo a shekara, babban biki a wajen Mista Alun, kuma da fitowar rana ake yin sa. Ya ce bayan na yi Asuba in biyo da gurasar tamis da waken ful na mutum shida. Na iso na tarar da shi cikin wata farar riga har ƙasa, ya naɗa ganyen darbejiya ya ɗora a ka kamar gammo. Baƙinsa Turawa uku sun yi da'ira a gindin bishiyar, gumi na zuba tun rana ba ta gama fitowa ba. A baranda kuma Injiniya Sanusi na zaune yana jiran karin kumallo. Bakano ne, yaro matashi, abokin aikin Mista Alun. Ba ruwansa da bikin, ful ya kawo shi. Na tsaya kusa da shi riƙe da faranti.

Suka yi 'yan maganganunsu, suka fuskanci gabas, suka yi shiru. Sai Mista Alun ya ɗauko wata koriyar jaka, ya shimfiɗa ƙyallen nan da na sani, ya fara jera itatuwan layi huɗu, biyar-biyar. Layin farko gurbi ɗaya. Layin ƙarshe gurbi ɗaya. Ya zazzage jakar, ya leƙa cikinta, ya duba ƙarƙashin kujera. Sannan ya ɗago da ɗan Larabcinsa na kasuwa ya ce, “Sadiƙ, fen itnen?” Wato, aboki, ina biyu?

Iƙamata ce ta faɗo mini a rai, ba Allah ba, in gaya maka gaskiya. Na ce, “Bissa, Mista. Kyanwa. Unguwar nan kyanwoyi sun yi yawa.”

Injiniya ya ajiye kofin shayinsa. Cikin Hausa, a hankali, ya ce, “Yaya, kyanwar nan tana sa farar riga ne?”

“Me kake nufi?”

“Duba aljihunka na gaba.”

Na duba. Ga asuwakina nan tsaye, ya leƙo da kansa buzu-buzu kamar gemun bunsuru, tsagar wuƙar tana kallon kowa. Turawan nan huɗu duk idonsu a ƙirjina. Wata tsohuwa a cikinsu ta toshe baki. Hannuna biyu suna riƙe da farantin ful, ko rufe aljihun ban iya ba.

Injiniya ne ya yi mana tafinta. Ashe ba asuwaki ba ne. Kowane ɗan ice daga wata bishiya dabam ta ƙasarsu yake, tsagar jikinsa kuma harafi ne na wani tsohon rubutu. Mutum kan sa hannu a jaka ya zaro ɗaya, sai ya zauna ya yi tunanin abin da bishiyar ke nunawa game da rayuwarsa. Shekara bakwai Mista Alun ya yi yana tara su, kowanne da hannunsa ya yanko ya feƙe. Na ce, “Injiniya, duba ke nan?” Ya ce, “Shi dai ya ce tunani ne, amma kusan haka.” Na tuna sahun farko. Na tuna yadda nake gogawa har dasashi kafin kabbara. A'uzu billahi.

Mista Alun ya zaro abin daga aljihuna da yatsa biyu, ya kalli inda na tauna. Sai ya tambayi ɗayan.

Nan na yi ƙarya ta biyu. Na ce ɗaya kaɗai na ɗauka. Lissafina shi ne ɓarawon abu ɗaya ana iya yafe masa, na biyu kuma sai a fara tunanin man mota.

Ya koma ya duba gurbin layin ƙarshe. Na ga fuskarsa ta canja, jan da zafi ya sa masa ya gudu. Ya yi magana da sauri, Injiniya ma ya miƙe tsaye.

“Yaya, bar wasa. Ya ce jan icen nan na wata bishiya ce da suke shukawa a maƙabartunsu. Guba ce. Ganyenta kan kashe doki. In akwai wanda ke sa shi a baki, yanzu za a kai shi asibiti.”

Zan so in ce maka nan take na faɗi gaskiya. Ban faɗa nan take ba. Sai da na yi numfashi uku ina auna tsoho mai shekara tamanin da katin iƙama (kuma kada ka yi mini kallon nan, ba ka san Baba ba). A na huɗu na tuna fuskar matata. Na dire farantin na ce, “Yana wajen surukina. Kwana huɗu yana gogawa.”

“Yalla!” in ji Mista Alun, ya riga ni shiga mota.

Ban taɓa gudu a titin Jidda irin na ranar ba. Muka shiga Bani Malik daidai lokacin da mutane ke layin gurasa, 'yan shago na ɗaga ƙofofi. Na yi birki a ƙofar gidan Baba, na fito, Injiniya ya fito, sai ga Bature ya fito cikin farar riga har ƙasa da gammon darbejiya a ka. Ya manta bai cire ba, mu ma ruɗewa ta hana mu gaya masa. Layin gurasa gaba ɗaya ya juyo.

Baba ya buɗe ƙofa da carbi a hannu, lafiyarsa ƙalau. Ya kalle ni, ya kalli ganyen da ke kan Bature.

Na durƙusa. “Baba, asuwakin nan… yaushe rabonka da shi?”

Ya yi ɗan tari. “Me ya faru?”

“Baba, don Allah, ka sa shi a baki?”

Ya juya ya nuna bango da carbinsa. Tsohon mukayyif ɗinsa, na'urar sanyin nan da ke cikin taga, yana ta aiki shiru. A ƙarƙashinsa, tsakanin ƙarfe da siminti, ga jan icen Mista Alun an cusa shi da ƙarfi.

“Haƙorana huɗu ne, ya waladi, da wanne zan tauna ƙarfe? Amma wata biyu abin nan na kaɗawa yana hana ni barci, tun da na sa shi ya yi shiru. Ai na gaya maka ya fi na kowa.”

Mista Alun ya zauna a bakin ƙofa yana dariya har da hawaye. Da a nan aka tsaya da na gode Allah. Amma Baba ya tambayi Injiniya ko mene ne labarin, yaron nan kuma, Allah ya shirye shi, ya zayyana komai bai rage ko kyanwar ba, ga maƙwabta sun cika matakala. Baba ya saurara har ƙarshe, ya juyo gare ni, ya ɗaga yatsu.

“Wato na sata ne. Na duba ne. Kuma guba ne. Shekara ashirin da shida kyauta ɗaya ka taɓa kawo mini, ita ce wannan.”

Da aka zare icen, mukayyif ya ci gaba da kaɗawa kamar ana dukan garwa. Baba ya ce ba inda zan je sai na samo abin da zan maye gurbinsa. Na tsuguna ina naɗe kwali a gaban kowa.

Muka kama hanyar komawa. Ni dai na riga na fara tunanin yadda zan gaya wa matata cewa aiki ya ƙare. Da muka isa, Mista Alun ya fito da wanda na tauna, ya faɗa wa Injiniya wani abu. Injiniya ya ce, “Ya ce wannan farin, a wajensu alamar sabon farawa ne. Ya ce kuma direban da ya yarda ya rasa aikinsa don kada tsoho ya mutu, shi yake so ya riƙa tuƙa shi.” Ban gaya masa zancen numfashi ukun nan ba. Ranar Lahadi ya sa hannu a takardata. Icen kuma ya wanke shi ya mayar jaka a yadda yake, da gemunsa. Har ya bar ƙasar nan, duk bikin da wani ya zaro shi sai na ji dariya daga gindin darbejiya, ni kuma ina mota ina ƙara wa rediyo murya.

Iƙama ta samu, suna ya lalace. Yau shekara uku ke nan, amma in na tsaya sayen asuwaki a ƙofar masallaci, mai sayarwa sai ya miƙo mini ya ce da ƙarfi, “Wannan na haƙori ne kawai, ya ammi, ba ya faɗar gobe.”

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu ko tsinken sakace na gani a teburin wani sai na tambaya me ake yi da shi. Kuma na sa tela ya ɗinke mini aljihun gaba na duk rigunana. Telan nan da Baba ya so.