Ranar da Aka Bar Mana Wuta, Kek Ya Ƙone

Jama'a, ina da ƙara, kuma ban san ofishin da zan kai ta ba. Ranar Asabar kek ɗin mangwaron da na haɗa da hannuna ya ƙone ƙurmus, karena ya sha hayaƙi har ya yi laushi, mutuncina ya zube a gaban surukata, duk saboda masu wuta sun saɓa alkawari. Kada ku yi saurin gyaɗa kai. Ba ɗauke wutar suka yi ba, barin ta suka yi.

Mu a unguwarmu nan Kitwe ƙarfe biyun rana ake ɗauke wuta, ba ta dawowa sai an ci tuwon dare an wanke tukunya. Tun muna zagi har muka gaji, muka saba, muka gina rayuwarmu a kai. An yi mana alkawarin ruwa, an yi mana na titi, an yi mana na asibiti har da rawa da kaɗe-kaɗe, duk shiru. Amma alkawarin duhu bai taɓa tashi ba, kuma na sha yaba wa shugaban masu wuta, Mai Girma Sarkin Makunni, a kan haka. Hatta karenmu Kapenta ya san lokacin. Da biyu ta kusa zai tashi daga gaban firji ya koma ƙarƙashin tebur, don ya san sanyin ya ƙare.

Matata, Maman Lombe, ita ta mayar da abin fasaha. Ba ta kashe tanda da hannunta. Takan saka kek saura kaɗan a ɗauke wuta, ta rufe, ta yi tafiyarta. Masu wuta su kashe mata tandar a kan lokaci, sauran zafin da ke ciki ya ƙarasa gashin a hankali. Kek ɗinta ba ya ƙonewa, ba ya bushewa, matan cocinsu har roƙonta suke ta faɗi sirrin. Ita kuwa sai ta ce aikin gwamnati ne.

To, ni kuma tun da muka yi aure ba a bar ni na taɓa tandar nan ba. Aikina wanke kwanuka da wankan Kapenta. Dalili, surukata ta taɓa gaya wa 'yarta cewa mijin nan naki ko ruwan zafi aka ba shi ya dafa sai ya kama. Maganar ta daɗe tana ci na. Da na ji za ta zo daga Mansa ranar Lahadi, sai na buga ƙirji na ce a gaya mata ni zan yi kek ɗin tarbarta, kuma da mangwaron bishiyar da ita kanta ta dasa mana a tsakar gida. Saura 'yan ƙwayoyi ne a kanta, jemagu da yaran unguwa sun riga sun karɓi rabonsu. Maman Lombe ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ta yarda, amma in na ɓata mangwaron uwarta, ni da tanda sai dai kallo daga nesa har abada.

Na fere, na yanka, na fasa ƙwai, na juya ƙullu har kafaɗata ta yi tsami. Kapenta yana gefe yana lashe duk abin da ya ɗiga, a matsayinsa na mai duba inganci. Na jera mangwaron a ƙasan faranti yadda na ga tana yi, na zuba ƙullu a kai, na saka a tanda daidai lokacin da ta nuna mini. Muka kulle gida da Kapenta a ciki, muka tafi kallon fim.

Ba wai son fim ne ya yi mana yawa ba. Gidan kallon da ke babban kanti yana da janareto da na'urar sanyi, shi ya sa da rana rabin unguwarmu a can take. Wasu caji suke zuwa yi, wasu barci. Akwai wani dattijo da ya kalli fim ɗaya har ya haddace minsharin kansa, bai san ko a kan me ake yi ba. Mu dai mun sayi gugguru mun zauna. Fim ɗin soyayya ne, Maman Lombe ta fara share hawaye tun ba a kai ga wurin kukan ba.

Ana tsakiyar fim wayata ta yi ta rawa a aljihu. Maƙwabcina ne, Ba Sikazwe (a nan "Ba" kamar "Malam" ne), tsohon direban babbar mota mai son ba da labari. Na sunkuya na ɗauka.

"Baban Lombe, kana ina ake wannan abin al'ajabi? Yau ba su ɗauke ba fa. Ga ni nan ina guga da rana tsaka kamar wani attajiri. Na goge nawa, na goge na madam, yanzu labule nake gogewa."

Na ce masa barka, na kashe. Na mayar da ido kan fim, na kai gugguru baki. Sai da na tauna sau biyu maganar ta iso inda ya kamata. Na taɓa Maman Lombe na raɗa mata cewa akwai wuta a unguwa. Ta ce to madalla, in bar ta ta ga ko yarinyar za ta yafe masa. Can sai ta juyo a hankali, ta dube ni cikin duhun nan, ta miƙe zumbur. Mun taka ƙafafun mutane da yawa kafin mu kai ƙofa.

Motar haya ta kawo mu har mahaɗar unguwa ta tsaya cak. An rufe hanya. An shafa wa duwatsun bakin titi farar ƙasa, an kafa rumfa, 'yan makaranta suna tsaye a rana da 'yan tutoci, mata sun yi anko suna waƙa. Na tambayi wani mai jar hula me ake yi, ya ce Mai Girma Uban Ci Gaban Al'umma ne zai ƙaddamar da fitilar titi. Fitila ɗaya, jama'a, a kan sanda ɗaya, an ɗaura mata ƙyalle kamar amarya. Tun da safe ake jiransa, kuma ba zai yiwu ya danna makunni a gaban masu ɗaukar hoto fitila ta ƙi kamawa ba. Shi ya sa aka ba da umarni kada a kuskura a taɓa wutar unguwarmu sai ya zo ya tafi. Shi kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, yana can yana cin abincin rana.

Da ƙafa muka ƙarasa, ni a gaba ina haki, ita a baya da takalmi a hannu. Tun daga kwana muka jiyo ƙauri. Mun tarar Ba Sikazwe ya ji kukan Kapenta, ya ga hayaƙi, ya fasa tagar kicin, ya kashe wutar gidan, sannan don ƙarin lada ya sheƙa wa tandar bokitin ruwa. Kapenta yana kwance a gindin mangwaro yana tari, yana harara ta. Sai da na rungume shi na ji zuciyarsa tana bugawa sannan hankalina ya kwanta, don gaskiya na tsorata. Kek ɗin kuwa da na ciro, Ba Sikazwe ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce kada in zubar, zai yi amfani wajen tare tayar mota a gangara.

Ban karaya ba. Washegari da sassafe na roƙi mangwaro a gidan Ba Sikazwe, na shanya tanda, na sake haɗa ƙullu, na ja kujera na zauna a gabanta ina gadi. Kek ya fara tashi kenan, ɗif, aka ɗauke wuta tun hantsi. Wai bashin wutar jiya ake cirewa.

Haka surukata ta iso ta tarar da faranti biyu a kan tebur, ɗaya gawayi, ɗaya kunu. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta, na zayyana mata komai, har da fitila da ƙyalle. Ta saurara, ta ɗanɗani kunun da cokali, ta ce sukarin ya yi daidai. Raina ya fara sanyi. Sai ta juya wajen 'yarta, don ba ta cika yi mini magana kai tsaye ba.

"Mijinki mutumin kirki ne, zuciyarsa fara ce. Amma namijin da zai bar mangwarona a hannun hukuma ya tafi kallon fim, kada ki sake barin sa shi kaɗai da abu mai zafi."

Na buɗe baki zan ce ai dabarar 'yarki ce, Maman Lombe ta yi mini wani kallo, na rufe. Ta ce, "Ka ji dai, Baban Lombe. Ga kwanuka can." Kapenta ma da aka miƙa masa ƙonannen, ya shinshina ya koma ƙarƙashin tebur.

An kore ni daga tanda, amma an ba ni sabon muƙami. Duk ranar da za a yi gashi, ni ake aikawa mahaɗa in duba. In na ga ana shafa wa duwatsu farar ƙasa ko ana sauke kujeru, sai in dawo da gudu in ce a mayar da ƙwai firji, yau akwai hatsarin wuta.

Don haka roƙona ga manyanmu ɗaya ne, kuma ba mai tsada ba ne. Ranku ya daɗe, duk ranar da za ku yi mana alheri, ku riƙa sanar da mu tun da wuri, mu samu mu kashe komai mu fitar da dabbobi waje.