Yadda Na Rufe Kantin Turawa

Ranar nan na ja abokaina zuwa shagon intanet na unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, don in nuna musu 'yar na'urar jin waƙa da duniya ke jiran fitowar sabuwarta. Ko kuɗin kaset ba ni da su, amma na gyara zama kamar ɗan gwamna, na buɗe shafin kantin kamfanin Turawan da ke ƙera ta, na danna wurin saye. Nan take kayan suka ɓace, sai rubutu cewa an rufe.

Bashiru abokina ya ja da baya. "Ka ɓata musu kanti," in ji shi, "kuma sun ɗauki hotonka."

Na hau mota sai Argungu, na ɓuya wurin Goggo. Ko tuwon shinkafa da kifi aka kawo, sai in ture kwanon. Jirgi na giftawa sama, ni ina ƙarƙashin gado ina salati.

Da Baba ya sa aka dawo da ni Birnin Kebbi, mai shagon intanet ɗin ya ce Turawan da kansu suke rufe kantin duk lokacin da za su jera sababbin kaya.

Har yau, da an ɗauke wuta a unguwa, sai Bashiru ya leƙo ɗakina: "Malam, mi kat taɓa kuma?"