Hoton Naman da Ba Nawa Ba

Komai na zamana a Jidda zai iya gushewa daga kaina, amma ba zan manta da ranar da na ari hoton girkin wata ba.

Watanmu takwas ke nan a unguwar Safa. Maigida yana aiki a yankin masana'antu na Jidda, ni ina gida ina fama da waya. Muna da gurup na matan Hausawa, duk wata ana haɗuwa a gidan ɗaya a ci a sha, kuma Juma'ar da ke tafe layina ne. Haifaffun nan kuwa sun mai da ni abin tsokana, wai mu 'yan Najeriya ban da tuwo da jar miya ba mu iya komai ba. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Sai na ci karo da bidiyon wata 'yar Cana tana dafa naman cikin alade da sukari, citta da ruwan waken soya, har ya yi jawur yana sheƙi. Na ce ai mai sauƙi ne, in sa ƙirjin rago a madadinsa, in tsallake giyar da take zubawa. Tun kafin in ɗora tukunya na rubuta a gurup: "Yau za ku ga girkin Cana."

Matar ta ce a narkar da sukarin a mai a hankali. Ni kuwa na buɗe wuta har ƙarshe. (Wa ya taɓa suya a hankali a gidanmu?) Kafin in yanka citta sukari ya koma kwalta. Na zuba nama a haka, na ce zai gyaru. Bai gyaru ba. Maigida ya ɗanɗana, ya daɗe yana tauna, sannan ya tambaya ko akwai sauran burodi.

Ga gurup ana ta tambayar ina girkin. Sai na ɗauki hoton farantin matar daga bidiyon, na datse inda hannunta ya fito, na tura.

Da farko masha Allah ta yi ta zubowa, ina ta fasa kai. Can sai gurup ya yi tsit. Bayan la'asar uzuri ya fara shigowa: wannan za ta Makka ran Juma'a, waccan 'yarta zazzaɓi. Mata tara, duk rana ɗaya. Takaici ya ishe ni, ban kuma san laifina ba.

Sai ga kiran Khala Zainabu, babbarmu, wadda mijinta ya tsufa yana sana'ar fawa a unguwar Mahjar.

"Ya binti, wane nama kika dafa?"

"Rago ne, Khala."

"Na nuna wa Baffanku hoton. Ya ce tun yana saurayi yake fiɗa, bai taɓa ganin rago mai fata da kitse hawa-hawa haka ba. Wallahi ya ce khinzir ne, alade. Ina ma kika samo shi a garin nan?"

Na zauna a ƙasan kicin. Zaɓi biyu ne gare ni: in zama mai ciyar da mijinta alade, ba mai sake cin ko dabino a gidana, ko in zama maƙaryaciya wadda ba ta iya girki ba. Na tsamo tukunyar daga inda na jiƙa ta, na ɗauke ta hoto da baƙin naman manne a gindi, na tura gurup. Na rubuta: "Wannan ne nawa. Wancan aro na yi."

Khala ce ta fara amsawa: "Halas, wannan kam rago ne, Allah ya jiƙansa."

Ran Juma'a duk taran suka zo, har da mai zuwa Makka. Kowacce ta fara leƙa kicin ta gaida tukunyar kafin ta gaida ni.

Yanzu na san cewa ko ƙarya mutum zai yi a kan nama, ya fara duba ko akwai matar mahauci a gurup. Abin da na dafa musu kuwa, tuwo ne da jar miya. Khala ta ci malmala biyu.