Ranar da Na Yi Aron Kaka a Madakiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka je nema mini auren Rifkatu ba, domin a ranar ne na kusa rasa mata saboda yawun bakina.

Abin ya samo asali ne daga wani guruf na waya da na shiga, na masu tonon asali. Mutane ne da ba su san sunan kakar uwarsu ba, amma kowa ya haƙiƙance daga gidan sarauta ya fito. Ban taɓa ganin wanda ya tono ya tarar da manomi ba, sai ka ce doyar zamanin da ita ke shuka kanta. Shugabanmu wani ne da ke kiran kansa Farfesa (shagon hoto gare shi a Kafanchan). Shi ne ya sa ni na tofa yawu a 'yar kwalba aka aika Turai don gwajin asali. Sakamako ya dawo da taswirar Afirka ta Yamma an shafa mata launi, abin da madubi zai gaya mini kyauta. Amma Farfesa ya ƙura mata ido, ya ce jinina na jarumin nan ne da ake ba da labarinsa, wanda ya kori mahara daga kan dutse. Daga ranar har tafiyata ta canja.

To, muka isa Madakiya, garin su Rifkatu, da akuya da buhun gishiri, Baba Ishaya ƙanin mahaifina ne a gaba. Fasto ya yi addu'a, aka kawo kunu. Al'ada ta ce ango ya yi shiru, manya su yi magana. Da kakan Rifkatu, wani tsoho mai sanda, ya tambayi asalinmu, kafin Baba Ishaya ya buɗe baki na miƙe (har da gyaran murya). Na ambaci jarumin, na ce ni jikansa ne, kuma Turawa sun tabbatar.

Tsakar gida ta yi tsit. Na ɗauka kwarjini ne.

Tsohon ya ce, "Yaro na, ka ce jikan wa?"

Na maimaita da ƙarfi.

Ya ce, "Mun gode Allah, sannu da zuwa gida. Shi ne ya haifi kaka na. Ashe kai da Rifkatu jini ɗaya. A wurin mu ɗan'uwa ba ya auren ɗan'uwa. Ku sha kunu, ku ɗauki akuya naku."

Daga ɗaki na ji Rifkatu ta ce, "Yesu!"

Ban san lokacin da gwiwoyina suka taɓa ƙasa ba. Ni da na shigo da jarumi a baki, ga ni ina rantsuwa ban san shi ba, ban haɗa komai da shi ba. Tsohon ya ce, "Turawa fa?" Na ce, "Baba, Turawa ƙarya suke yi."

Baba Ishaya ya bar ni na yi gumi sosai, sannan ya ce, "Ku yi haƙuri, yaron waya ne. Baban mu daga Jere ya zo, kwal yake zuba wa jirgin ƙasa. Mutumin kirki ne, amma ko kare ya yi haushi, bayan mama yake ɓuya."

Mata suka fashe da dariya, har matar Fasto tana share hawaye. Aka ci ni tarar wata akuyar saboda yi wa manya katsalandan, kuma Rifkatu ta daɗe ba ta ɗaga wayata ba.

Yanzu muna da yara biyu, amma har yau idan na je Madakiya surukaina da "sannu ɗan'uwa" suke tarbata. Ni dai na koyi darasi: in za ka ari kakan wani, fara bincika ko yana da jikoki mata.