Rasuwar Madubin Kusurwar Mangwaro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi, ni Hawa Siddo ta ƙungiyar mata masu lambu a Tanda nake sanar da rasuwar madubina. Ya cika ranar Talata da azahar, a cikin rumfar ledar da muke noman tumatir. Ya yi shekara talatin da ɗaya a duniya, ashirin da tara a bangon ɗakina, biyu a bakin aiki.

Wanda bai san rumfarmu ba ya sani cewa rana ba ta adalci a cikinta. Layin gabas yana shan hantsi, na tsakiya yana wuni cikin haske. Kusurwar ƙarshe kuwa mangwaron maƙwabcinmu Alassan ya lulluɓe ta, shi kuma ya rantse ba mai taɓa ko reshe ɗaya na icen da mahaifinsa ya shuka. Da ƙwallon dabino muke jefa ƙuri'ar layuka, sau ɗaya a shekara uku. Kusurwar nan ce ta faɗo mini, kuma ba a musanya.

Marigayin ne ya rufa mini asiri. Na ɗaure shi a kan sanda, kullum ya ɗebo hasken da ya yi wa layin abokiyar aikina Aisata yawa ya zuba wa shukata. Bai taɓa ƙorafi ba. Iyakar maganarsa ƙiiƙ, in na juya shi ya bi rana.

A hannuna ajalinsa ya zo, ba zan ɓoye ba. Na ga ƙasa ta dusashe masa fuska bayan ya sha zafi tun safe, sai na kwara masa ruwan randa mai sanyi, wai ni mai kyautatawa. Ya ce tas, ya rabe gida huɗu.

Ya bar tumatir tushe sittin, waɗanda tuni suka yi zalau-zalau, suka koɗe, suka karkata wuya wajen layin Aisata. Ya bar sandarsa. Ya bar ni da sauran shekara guda kafin ƙuri'a, ga tsoro fal cikina, don daga kusurwar nan nake cin miya.

Za a binne gutsattsarinsa ranar Juma'a da hantsi, a gindin mangwaron Alassan. Za a karɓi gaisuwa a kusurwata bayan la'asar, ɗan lokacin da rana ke leƙowa. Ana roƙon masu zuwa su zauna a ƙasa, kada kowa ya tsaya gaban shuka.