Ranar da na daskare a gaban Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da makon da aka jawo mana sabon layin intanet a bironmu, wato ofishinmu, na Tasawa ba. Ina aiki da wata babbar ƙungiya mai tallafa wa manoma, ni ne ke zagaya rumbunan tsimi, wato ɗakunan da ƙauyuka ke ajiye hatsi don lokacin tsada, daga Kona har ƙasar Mayahi. Kowace Litinin muna taro ta bidiyo da shugabarmu, Hajiya Rabi, wadda ke zaune a Yamai.

A da, da rizon salula, wato sabis ɗin wayar hannu, muke lallaɓawa. Kana cikin magana sai hotonka ya tsaya cak, baki a karkace. Ni kam rizon nan ya yi mini rana. In Hajiya ta jefo tambaya mai zafi, kafin in gama kame-kame ya yanke, sai ta ce, "Tasawa sun tafi, mu ji Zinder."

Sai ƙungiya ta yi yarjejeniya da wani kamfani, aka haƙa rami tun daga bakin titi, aka shigo da fibir, wato wayar intanet, har cikin biro. Injiniyan ya tara mu yana bayani cewa layin namu ne mu kaɗai, ba ma raba shi da kowa a gari, kuma ba ya yankewa sai in wani ya sare shi da hauya. (Ina wurin, har na tafa, amma hankalina yana kan brosheti, wato tsiren da aka kawo.)

Litinin ta zo. A makon da ya wuce ya kamata in je Kona, ni kuwa na zarce Mayahi sunan ɗan ƙanwata, na ce Kona ba gudu za ta yi ba. Ana tsakiyar taro, fuskokin abokan aiki jere a allon ordinatar, wato kwamfuta, sai Hajiya ta ce, "Malam na Tasawa, yaya ka samu rufin rumbun Kona? Damina ta kusa."

Na ce, "To Hajiya, rufin dai..." Na jira rizo ya cece ni. Shiru. Hoto tas, murya tas. Ga shi kwantaragina saura kaɗan ya ƙare, kuma ita ce mai sa hannu.

Sai dabara ta zo mini: tun da layi ya ƙi yankewa, bari in yanke da kaina. Na daskare. Baki rabin buɗe, yatsa ɗaya a sama, ido ƙur.

Na manta da fankar da ke juyawa a bayana, da labulen da ke kaɗawa. Ban kuma yi shawara da ƙudan Tasawa ba. Wani ƙato ya sauka a goshina, ya gangaro kan hanci, ya tsaya yana wanke hannuwa.

Na ji Hajiya ta ce, cikin natsuwa, "Da alama layin Tasawa ya tsaya. Kada kowa ya yi magana, mu jira shi."

Suka jira. Hawaye ya cika mini ido saboda rashin ƙiftawa. Ina hango wakilin Zinder ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na girgiza. Ƙudan nan ya leƙa ƙofar hancina, sai atishawa ta ƙwace, har ordinatar ta motsa. Kuma saboda sabo na ce, "Alhamdulillahi."

Allo gaba ɗaya ya amsa, "Yarhamukallahu."

Hajiya ta gyara gilashinta ta ce, "Sannu da dawowa, Malam. Wannan layi ya biya kuɗinsa, har ƙafafun ƙuda na ƙirga. To, rufin?"

Na sauke yatsa na faɗi gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, ta dai tambayi sunan jaririn, ta ce Allah ya raya, sannan ta ce gobe tana son ganin hoton rufin Kona da idonta. Washegari da sassafe ina kan moto, wato babur, zuwa Kona. Rufin kuwa ya ɓule, muka gyara kafin ruwan farko. Kwantaragi ta sa hannu, amma har yau daga Yamai zuwa Mayahi ba mai kirana sai da "Malam Foto".

Abin da na koya shi ne, in wurin aikinku suka jawo layi mai kyau, to ka je inda aka aike ka. In kuwa dole sai ka daskare, ka fara kashe fanka.